Na yanko kalangun Shata na saka a kiɗana, akwai matsala?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ina haɗa kiɗa ne a wani situdiyo a Zoo Road a Kano, da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio nake aiki. Tun ina yaro nake jin waƙoƙin marigayi Mamman Shata a rediyon babana, to kwanan nan na yanko kamar sakan goma na kalangunsa daga wani tsohon kaset na ɗora a sabon kiɗana, abokaina suka ce ai ba komai tunda ya rasu kuma ɗan kaɗan na ɗiba. Dan Allah haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ji daɗi wallahi da har yanzu akwai yaran da kunnensu ke wajen Shata, amma gaskiya abokanka basu faɗa maka daidai ba.

Maganar sakan goma ɗin nan babu ta a doka sam, a bakin ƴan situdiyo kawai take yawo. Rasuwa ma bata sa waƙa ta zama ta kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta ce waƙa tana da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, Shata kuma ya rasu a 1999, kaga kenan magadansa ne ke da iko da waƙoƙinsa har 2069. Sannan shi kansa sautin da aka ɗauka a kaset yana da nasa haƙƙin daban na shekara 50 daga fitowarsa, in kaset ɗin 1985 ne misali sai 2035, kuma sau da yawa kamfanin da ya ɗauka ne ke riƙe da shi.

Amma fa salo ba mallakar wani bane. Bugun kalangu, yanayin amshi, saurin kiɗa, duk kana iya koya ka yi naka. Ko a Amurka a 2023 mawaƙin Birtaniya Ed Sheeran ya ci shari'a a kotu a kan irin wannan, lauyoyinsa suka nuna cewa tubalan kiɗan da ake rigima a kai kowa na amfani da su. Inda ake faɗawa rami shi ne karin waƙa da baitoci da kuma yanko sautin wani, kuma mu nan Kano mun daɗe muna ɗora Hausa a kan karin Indiya har muka ɗauka halal ne, alhali yanzu kana sakawa a YouTube na'urarsu zata iya kama sautin da ka yanko, kuɗin talla ya tafi wajen mai shi ko a rufe bidiyon gaba ɗaya bayan duk wahalar da ka sha. Rubuta sunan mawaƙin a ƙasa ma ba izini bane.

Ni da ni ne, cire wancan yankin zan yi, in nemo makaɗin kalangu, ga su nan a gidajen biki, in biya shi ya buga min sabo a situdiyo, mu rubuta yarjejeniya ya sa hannu. In kuma lallai sautin kaset ɗin kake so, ka nemi iyalan marigayin da kamfanin da ya fitar, su baka izini a rubuce kafin ka saki waƙar.