Gudu a Tudu: Likita na Amsa Tambayoyinku daga Nima zuwa Aburi

Duk wanda ya bi hanyar Aburi, garin da ke kan dutse a arewacin Accra, da sassafen Asabar ya san yadda mutanen Accra suka rungumi hawan dutse. Tun daga Ayi Mensah har Peduase za ka ga jama'a, wasu na sassarfa, wasu na tafiya, wasu sun dafa gwiwa suna haki. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan hakan suka zo.

Likita, shekarata 19, ina buga ƙwallo a filin Kawukudi. Kocinmu ya ce ba ni da gudu, in riƙa hawan tudu. Kullum da asuba nakan hau har sai na kasa, amma ban ga canji ba. Daga wani matashi a Nima.

Ɗana, kocinka ya faɗi gaskiya, amma kai ka ɗauki maganar ta bai-bai. Tudu na ƙara gudu saboda yana tilasta wa tsokar ɗuwawu da cinya da sha-raɓa su tura nauyin jikinka sama a kowane taku, kuma yana sa ka ɗaga gwiwa ko ba ka so. Sai dai ƙarfin da kake nema na 'yan daƙiƙu ne. Jiki na da wani tanadin makamashi a cikin tsoka wanda ke ƙarewa cikin kamar daƙiƙa 10 idan ana gudu iya ƙarfi, kuma yana bukatar minti 2 zuwa 3 kafin ya dawo. Idan ka yi ta hawa har ka galabaita, ba gudu kake koya wa ƙafarka ba, kana koya mata jan jiki ne cikin gajiya.

Ga yadda za ka yi. Ka fara da sassarfa ta minti 10 zuwa 15 a fili har gumi ya tsatso. Ka sami tudun da ba shi da tsayi sosai, irin hawan da ke cikin Jami'ar Legon wajen Great Hall, ko wani lungu mai gangara da motoci ba sa yawan bi. Ka ruga sama daƙiƙa 8 zuwa 10, ka tsaya, ka sauko da tafiya a hankali, ka huta har numfashinka ya koma daidai, sannan ka sake. Sau 4 ya isa a makon farko. Ka riƙa ƙara ɗaya duk mako har ka kai 8 ko 10. Sau ɗaya a mako, in ya yi yawa sau biyu, kuma kada ka yi ana gobe wasa.

Wajen hawa, ka taƙaita taku, ka kaɗa hannu da kyau, idonka na kallon gaba ba ƙasa ba. Kada ka lanƙwasa ƙugu kamar mai ɗauke da buhun masara. Da zarar ka ji hawa na shida ya fi na farko nauyi sosai, aikin ranar ya ƙare, ka tafi ka sha kokonka da ƙosai. Tsoka ba a kan tudu take ginuwa ba, sai bayan ka ci abinci ka yi barci. Wannan hawan na kullum shi ya hana ka ganin canji.

Ni mace ce, shekarata 46. Ni da ƙawayena mukan hau Aburi duk Asabar. Hawan ba ya damuna, amma wajen saukowa gwiwata ta dama sai ta riƙa ciwo ta gaba, kuma ranar Litinin ko ruku'u da ƙyar nake yi. Daga Hajiya a Madina.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma don Allah kada ki daina. Abu biyu ne ke damunki. Ciwon cinya da ke zuwa bayan kwana ɗaya ko biyu ba cuta ba ne. Wajen gangara, tsokar gaban cinya ce birkin jiki, tana miƙewa tana kuma riƙe nauyi a lokaci guda, wannan ke jawo mata tsami. Yakan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72, ya wuce da kansa, kuma yana raguwa yayin da jiki ke sabawa.

Na gwiwa shi ne abin lura. Saukowa na ɗora wa ƙoƙon gwiwa nauyi fiye da hawa, musamman idan ana dogon taku ana dira da diddige a kan kwalta. Ki rage faɗin taku, ki bar gwiwar a ɗan lanƙwashe, kada ki bari gangara ta ja ki da gudu. Na tsawon wata guda ma, ki hau da ƙafa ki sauko a trotro, wato motar haya, ba abin kunya ba ne. A gida kuma, sau 3 a mako, ki zauna a kujera ki tashi ba tare da dafa komai ba, sau 10, ki huta, ki maimaita har zagaye uku. Kwana shida a zaune a shago sannan rana ɗaya a kan dutse ya yi wa gwiwa yawa, don haka ki ƙara tafiyar minti 30 a tsakiyar mako. Amma idan gwiwar ta kumbura, ko ta riƙa maƙalewa, ko ta sake ki kina tsaye, ki zo a duba.

Idan na dage da gudu a Aburi, zan samu irin numfashin 'yan Kenya?

A'a. Garin Iten da suke atisaye yana kan tsayin kusan mita 2,400, inda iskar da ake shaƙa ba ta ƙosar da jini sosai, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini bayan makonni ana zaune a can. Aburi bai kai mita 500 ba. Ƙarfin ƙafa da na zuciya za ka samu, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Ina da hawan jini, ina shan magani, shekarata 58. Yarana sun hana ni bin abokaina hawan dutse. Daga Alhaji a Sabon Zongo.

Alhaji, yaran na sonka ne, amma zama ya fi tafiya haɗari a gare ka. Motsa jiki na minti 150 a mako yana taimakawa wajen saukar da jini. Sharaɗina shi ne ka auna kafin ka fara. Idan ya kai 180/110, ba tudu ba, ko fili kada ka fita atisaye sai an daidaita maganin. Idan yana daidai, ka yi makonni kana tafiya a fili, sannan ka gwada hawa da tafiya, ba gudu ba, daidai yadda za ka iya hira da na kusa da kai. Ka tashi da wuri kafin rana ta ɗaga, domin damshin iskar Accra na hana gumi bushewa, jiki ya kasa hucewa. Ka riƙe ruwanka. Nauyi a ƙirji, jiri, ko ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, ka zauna nan take a kai ka asibiti.

Bayan mun yi hawa 20 da abokai, cinyoyina sun kumbura, fitsarina ya koma kalar shayi. Na sha maganin ciwo diclofenac. In ci gaba da sha? Daga Ashaiman.

Ka ajiye maganin nan, ka tafi asibiti yau, ba gobe ba. Fitsari mai kalar shayi bayan atisaye mai tsanani alama ce ta tsokar da ta farfashe, abin da ke cikinta ya zuba a jini ya nufi ƙoda. Diclofenac da ibuprofen kuma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, wato an ƙara wa mai rauni duka.

Na taɓa karɓar wani yaro da irin wannan. Mahaifiyarsa ce ta riƙo shi, hannunta ɗaya da leda cike da ƙwayoyin da abokansa suka ba shi, har da tramadol, don ya daina jin zafi ya ƙara hawa. Ko hawa gadon gwaji ya kasa sai da muka ɗaga shi. Kwana da kwanaki yana shan ƙarin ruwa kafin fitsarinsa ya washe. Har yau abin na min ciwo, domin zafin da ya danne shi ne zai tsayar da shi tun a hawa na takwas.

Idan ka je, ka gaya musu sau nawa ka hau, ruwa nawa ka sha, da sunan duk ƙwayar da ka haɗiya. Ka roƙi a gwada ƙodarka, a kuma duba ko kana ɗauke da ƙwayar sikila, don masu ita sun fi shiga wannan matsalar idan zafi da ƙishirwa suka haɗu da wahala. Kan hanya ka riƙa shan ruwa, kuma kada ka tuƙa babur da kanka.