Tambaya da amsa: Mun gāji adakar littattafan kakanmu, mu kai jami'a ko mu riƙe a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kakanmu malamin zaure ne a cikin birnin Zariya. Bayan rasuwar mahaifinmu muka buɗe wata tsohuwar adakar ƙarfe a ɗakinsa, muka tarar da littattafan rubutun hannu cikin gafaka guda biyar, da wasiƙu na Larabci da na ajami, da tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, da takobi, da wani hatimi, da tsofaffin kuɗi masu huji. Gara ta taɓa gefe guda. Wani ƙanena ya ce a yi musu laminatin, wasu sun ce a raba wa magada, ni kuma ina ganin a kai laburaren jami'a. Me ake yi da irin waɗannan kaya a can, kuma me ya kamata mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata, ya sa aljanna ce makoma. Malam, kafin a zo maganar jami'a, ka tsayar da shawarar laminatin da ta rabo tukuna, don su biyun ba a gyara ɓarnarsu.

Laminatin zafi ne da gam da leda. Gam ɗin yana shiga cikin takardar ya kama tawada, kuma duk danshin da ke ciki an kulle shi ke nan. Bayan 'yan shekaru takardar ta yi ja tana ruɓewa a cikin ledar, ba kuma hanyar ciro ta ba tare da rubutun ya biyo ledar ba. Salatif ma haka yake: ledarsa ta bushe ta faɗi, ta bar tabo ruwan ƙasa da ya huda har bayan warƙa. A cire kilif da fil da robar ɗaure kuɗi idan akwai, domin ƙarfe tsatsa yake yi, roba kuwa narkewa take ta manne.

Rabo kuma ga inda matsalarsa take. Littattafan malamanmu na da ba a ɗinke su, warƙoƙi ne a sake, a sa su tsakanin tadarishi, wato bangon littafi mai tauri, a ɗaure, a zura a gafaka. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalma ɗaya da marubuci yake sawa a ƙasan bayan kowace warƙa, wadda ita ce farkon warƙa ta gaba. In aka ba wannan ɗa damƙi guda, wancan damƙi guda, an samu guntaye goma da babu wanda ya san farkonsu. Ku zauna da malamin da zai raba gadon, ku nemi hanyar da haƙƙin kowa zai fita ba tare da an farraƙa littattafan ba, ko a yi musu ƙima wani ya ɗauka a rabonsa, ko magada su yarda su zama waƙafi. Duk abin da aka tsayar a rubuta, kowa ya sa hannu.

Zariya ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 tana da babban laburarenta na Kashim Ibrahim a Samaru. A sashen tarihi akwai shirin binciken tarihin Arewa, wanda tun shekarun 1960 masana irin su Abdullahi Smith da Murray Last suka yi ta bin gidajen malamai da fadoji suna tattara rubuce-rubuce, wasu a karɓa, da yawa kuma a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, wanda ke ƙarƙashin jami'ar. Irin wannan sashe daban yake da inda ɗalibai ke arar littafi. Ba a fita da komai waje, mai bincike yana cika takarda, a kawo masa kwali ɗaya, ya karanta a gaban ma'aikaci, da fensir kawai a hannunsa, ba biro, ba ruwan sha.

Idan kaya suka shigo wurin da ya san aikinsa, ba a kai su kan kanta kai tsaye. Ana keɓe su na wasu makonni don a tabbata ba su zo da ƙwari ko fumfuna ba. Sai a ba su lambar shiga, a share ƙura da burushi mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a ƙirga warƙoƙi, a rubuta sunan littafi da mawallafi da wanda ya kwafa da girman takarda da yawan layuka. Wurin da ya yage ana liƙe shi da wata takarda mai shara-shara ta Japan da kunun sitacin alkama, saboda shi in an jiƙa yana saki ba tare da ya bar illa ba. Daga nan sai kwali marar sinadarin tsami, a kwance, a ɗakin da ake so zafinsa ya tsaya wajen digiri 18 zuwa 22, danshin iska kuma tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari.

Yanzu abin da mutane ba su cika tsammani ba. Mafi yawan iyalai suna ɗauka babban Alƙur'ani mai zayyana ko kwafin Risala da Ishiriniya su ne dukiyar. Suna da daraja, amma kwafinsu na nan birjik daga Sakkwato har Borno. Abin da babu irinsa a ko'ina shi ne ƙananan takardun da ake shirin zubarwa: wasiƙar da wani alƙali ya aiko wa kakanku, takardar bashi ko ta cinikin gida, ijazar da ta jero wa ya karantar da wa, waƙar ajami ta wani almajiri da ba a taɓa bugawa ba, rubutun da aka yi a gefen shafi cewa an haifi wane ran kaza, shekarar da aka yi fari. Har fassarar Hausa ko Fulatanci da malami ke sawa ƙanana-ƙanana tsakanin layukan Larabci, ita ke nuna yadda ake ba da karatu a zauren. Zazzau ƙasar mawaƙan ajami ce, Sarki Aliyu Ɗansidi kansa, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, mawaƙi ne, don haka kada a raina kowace warƙa ta waƙa. Kuma inda aka tsinci takarda shaida ce. Wasiƙar da ke cikin wani littafi a bar ta a nan, kada a tara wasiƙu wuri guda don a ga tsari.

Kana iya ƙiyasta shekarunsu da kanka. Ɗaga warƙa ɗaya ka duba ta a hasken taga. Idan ka ga siraran layuka a jikin takardar da alamar jinjirin wata guda uku a jere, wannan takardar Italiya ce da fatake suka riƙa shigowa da ita ta Tarabulus da Masar, ita ce ta cika littattafan ƙarni na 19 a ƙasar Hausa, ta kuma ɗan shiga farkon zamanin Turawa. Da tsumma aka yi ta, shi ya sa take da ƙarko. Jaridunku kuwa, Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a nan Zariya a Janairun 1939, takardarsu ta niƙaƙƙen itace ce mai tsami, tana ja tana karyewa da kanta. Kada ka yi mamaki in ka ga jaridar shekarun 1940 ta fi littafin da ya girme ta da shekara ɗari lalacewa. A shimfiɗa su a buɗe, kada su taɓa rubutun hannu, don tsaminsu yana naso.

Sai ka duba warƙar ƙarshe, inda mai kwafi yake cewa ya kammala, ya faɗi sunansa da wanda ya rubuta wa. A waƙoƙi sau da yawa ramzi ake sawa, haruffa a madadin lamba. A nan ne ake tafka kuskure, domin malamanmu lissafin Magrib suke bi, inda shinun take 1000, ba gainun ba kamar na Gabas. Shinun (1000) da ra (200) da lam (30), alal misali, 1230 ke nan ta Hijira. Ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, za ka samu wajen 1815 ta Miladiyya. Amma ramzi shekarar da aka wallafa waƙar yake faɗa. Kwafin da ke hannunka yana iya zama na jikan almajirin mawallafin.

Tawada iri biyu za ka gani. Baƙa wuluk ta zuge ko gawayi da ƙaro ba ta cin takarda, amma ita ce dai wadda ake wankewa a allo, ɗigon ruwa ɗaya ko yatsa mai yawu ya isa ya share layi. Wadda ta koma ruwan ƙasa, ta bagaruwa da aka haɗa da ƙarfe, ba ta wankuwa da sauƙi, sai dai tana ƙona takarda a hankali har harafi ya zama huji. In ka ga inuwar rubutu ta fito ta baya, ko warƙa tana tsagewa a kan layi, kada a lanƙwasa ta, a ɗauke ta a kan kwali, ita za a fara ɗauka hoto.

Abin da za ku yi a wannan makon ba ya cin kuɗi. A fitar da komai daga adakar a ɗaki mai iska, a inuwa, ba a rana ba. Gara daga ƙasa da bango take zuwa, in aka raba kayan da hanyarta ta ƙare, saboda haka a ɗora su a kan abin da ya ɗaga aƙalla santimita 15 daga daɓe, ya kuma bar jikin bango. Kada a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a kan takarda, yana tabo, yana kuma cutar da mai karantawa. Masana suna kashe ƙwarin littafi da sanyi: a kulle busasshen littafi cikin leda biyu, a sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifiri har mako guda, a fito da shi a bar shi kwana ɗaya kafin a buɗe. Idan wuta na ɗaukewa ana narkewa ana daskarewa, ruwa ne zai taru a ciki, don haka wannan ba aikin firizar gida ba ne. Fumfuna kuwa a watan Agusta kwana biyu zuwa uku ta ishe ta kama jiƙaƙƙiyar takarda. A busar da fanka, a sa takunkumi, warƙoƙin da suka manne a ƙyale su. Hunturu kuma akasin haka yake yi, yana busar da takarda da fata har su yi ƙaras-ƙaras, lokacin ne ya fi hatsari a buɗe abin da ya daɗe a naɗe. Kada a ajiye su cikin leda na dindindin. Farin ƙyallen auduga da aka wanke ya fi.

Sa wa kowace warƙa lamba ƙarama da fensir a kusurwa, yadda ka same ta, ko da kana ganin jerin ya rikice. Sannan a ɗauki hoto da waya a kan baƙin ƙyalle, a hasken taga, ba filasha, da rula a gefe, gaba da baya, har da gafakar da tadarishin. A ajiye hotunan wuri uku. Kada a dogara da waɗanda aka tura ta WhatsApp, yana rage musu kyau har wasulla su ɓace.

Da hotunan za ka fara zuwa jami'a, kayan su zauna a gida. Hanya uku ce a gabanku: kyauta, wadda mallaka ke komawa hannun jami'a, ajiya, wadda kayan naku ne suna riƙe da amana, ko su ɗauki hoto su bar muku asalin. A ganina gidan da babu sauran mai karantarwa, ga magada da yawa, ga gara ta riga ta san hanya, ajiya da rubutacciyar yarjejeniya ta fi masa. A ciki a faɗi yawan warƙoƙin kowane littafi, da sunan da za a kira tarin da shi, wato na kakanku, da cewa za a ba ku kwafin hotuna, da yadda za ku karɓa in kun so. Takardun da suka shafi sirrin iyali ko laƙani kuna da ikon cewa a rufe su zuwa wani lokaci. Kuma kowane laburare ne, ka nemi ganin ɗakin da idonka: rufin yana yoyo? Kwalayen a ƙasa suke? Na'urar sanyi da ake kunnawa da safe a kashe da yamma ta fi ɗaki mai kaurin bango da ba ya sauya yanayi illa, saboda takarda kumbura take tana motsewa kullum.

Takobin da hatimin da kuɗin kada a goge su da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe, ana share rubutun da ake nema ne. A raba su da takardu. In ka ga kore-kore mai laushi kamar gari yana fitowa a jikin tagulla, ciwo ne mai ci, a ware wannan a wuri busasshe a nuna wa masani. Kuben takobin da gafaka kada a shafa musu man gyaɗa ko man shanu, ɓera da kyankyaso yake kira. Hatimin a kwatanta shi da tambarin da ke kan wasiƙun, yana iya nuna ko kakanku ya riƙe alƙalanci ko limanci. Idan dillali ya zo da tayi, ka sani dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wanda aka ba izini, ta kuma hana fitar da su daga Nijeriya ba tare da takardarta ba.