Amsa ga Baffa kan hayaƙin asuba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Baffa ina kwana, ya sanyi? Na saurari saƙonka na jiya, inda kuke tambaya me ya sa da hunturu hayaƙi ba ya tashi, sai ya kwanta a gari kamar an shimfiɗa shi, ga kuma raɓa a fadama alhali leɓe na tsagewa.

To Baffa, a ka'ida iskar ƙasa ta fi ta sama ɗumi, duk kilomita ɗaya da aka hau zafi na raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Shi ya sa hayaƙi ke hawa. Amma daren hunturu, ba gajimare, iska ta kwanta, sai ƙasa ta saki zafin da ta sha da rana. Iskar da ke manne da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta hau kanta ta zauna. Abin ya juye ke nan, an kifa wa gari faifai. Hayaƙin murhu, na juji, na masu turara shinkafa, har ƙurar da ke zuwa mana daga Bodele ta ƙasar Chadi, duk suna nan daidai hancinmu. Ku tsaya bakin hanyar Kura bayan sallar asuba, za ku ga hayaƙin ya kai kan darbejiya ya tsaya cak, ya miƙe gefe.

Raɓar ma daga nan take. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe danshi da yawa, kuma kwari take gangarawa, shi ya sa ganyen tumatir a fadama ke jiƙewa, tudu kuwa a bushe.

Abin ba wasa ba ne wallahi. A Landan, Disambar 1952, irin wannan murfin ya riƙe hayaƙin kwal kwana biyar, mutum sama da 4,000 suka rasu. Ni ɗan autana fuka gare shi, duk daren da aka cinna wa tattakar shinkafa wuta bayan magariba, a zaune muke kwana da shi.

Don Allah mai ƙona abu ya bari sai hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗau zafi, murfin ya buɗe. Baffa, ku aka fi jin maganarku, ku taya mu faɗa a masallaci ranar Juma'a. A gaida su Gwaggo.