Amsa kan masanin yanayin da ya ci kyautar Nobel

Malam, ka tambaya ko masana canjin yanayi sun taɓa samun Nobel ta kimiyya, ko kuwa ta zaman lafiya kaɗai ce, wadda GIEC, kwamitin masana canjin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya raba da Al Gore, tsohon mataimakin shugaban Amurka, a 2007. Sun samu, kuma wanda ya fi cancanta a ambata shi ne Syukuro Manabe, haifaffen Japan a 1931, wanda ya koma Amurka a 1958 yana aikin lissafin yanayi da kwamfuta.

A 1967, shi da Richard Wetherald suka nuna cewa idan iskar kabon da ke sararin sama ta ninka, zafin doron ƙasa zai ƙaru da fiye da digiri 2, alhali can sama iska za ta yi sanyi. Wannan binciken ne tushen martabarsa, amma lambobin yabo sun yi jinkirin zuwa: kyautar Blue Planet a 1992, Crafoord a 2018 tare da Susan Solomon, sannan Nobel ta fiziks, wato kimiyyar ƙarfin halitta, a 2021, yana da shekara 90, inda shi da Klaus Hasselmann na Jamus suka raba rabin kyautar. A ganina, jiran ya yi yawa ƙwarai.

Mu a nan Yamai aikin nasa bai yi mana nisa ba, domin hasashen damina da cibiyar AGRHYMET ke fitarwa kafin manoma su fara shukar hatsi yana dogara ne da irin lissafin kwamfuta da Manabe yake cikin waɗanda suka aza masa harsashi.