Digiri na biyu a koyar da karatu da rubutu: ƙarin Turanci ne ko wani fanni daban?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar Turanci ce, shekara shida ke nan ina koyarwa, kuma digirina na farko a Turanci ne. Ina son ƙaro karatu, sai na ga wasu jami'o'i suna ba da digiri na biyu a fannin koyar da karatu da rubutu da harshen Turanci. Me ya bambanta shi da digiri na biyu a adabin Turanci, kuma zai yi mini amfani a aji?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. A sashen adabi, littafin ake sa wa ido: jigonsa, salonsa, zamanin marubucinsa. A wannan fanni kuwa mai karatun ake sa wa ido, musamman yaron nan da kika san shi a ajinki, wanda ke furta kowace kalma daidai amma in kika tambaye shi me ya karanta sai ya yi shiru. Shi ya sa galibi a tsangayar ilimi ake samun kwas ɗin, kuma yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu ga mai karatu na cikakken lokaci.

Abu na farko da za ki haɗu da shi wani ra'i ne da Philip Gough da William Tunmer suka gabatar a 1986. Sun ce fahimtar abin da aka karanta tana fitowa ne daga abu biyu da ake ninka ɗaya da ɗaya: iya fitar da kalma daga haruffa, da fahimtar harshen idan an yi magana da shi. Tunda ninkawa ce, in ɗaya ya zama sifili, sakamakon ma sifili ne. Amfanin wannan a aji babba ne. Yara biyu za su faɗi jarrabawa ɗaya, ɗaya saboda haruffa sun gagare shi, ɗaya saboda bai san ma'anar kalmomin ba, kuma maganin wannan ba zai warkar da wancan ba. Rabin horon da za ki samu na gano wace cuta ce ke damun wane yaro ne.

Turanci kuma yana da nasa rikicin. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kimanin 44. Dubi though da through da tough: ƙarshensu iri ɗaya a rubuce, amma kowacce da furucinta. Wannan ya haifar da doguwar taƙaddama da ba za ki tsere mata ba. A 1967 Kenneth Goodman ya bayyana karatu a matsayin wani irin cinke da mai karatu ke yi da taimakon ma'ana, magoya bayansa suka ce a wadata yaro da littattafai masu daɗi, zai kama da kansa. Ɗaya ɓangaren ya dage sai an koyar da alaƙar harafi da sauti daki-daki. A 2000 wani kwamitin ƙasa a Amurka ya fitar da rahoto da ya jera ginshiƙai biyar: jin sautukan cikin kalma, haɗa harafi da sauti, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. Ingila ta bi hanyar sauti bayan rahoton Jim Rose na 2006, har ta fara gwada yara ’yan shekara shida a kan haka daga 2012. A ganina hujjar bincike ta rinjaya wajen masu koyar da sauti a matakin farko, sai dai wasu sun wuce gona da iri, sun manta cewa ginshiƙan biyar ne.

Idan ɗalibanki ba da Turanci suka tashi a gida ba, ki nemi kwas da ke karantar da aikin Jim Cummins. Shi ne ya nuna cewa yaro kan iya hira da sabon harshe cikin kamar shekara biyu, amma harshen littafin makaranta yakan ci shekara biyar zuwa bakwai. Malamai da yawa hirar ke ruɗarsu.

Sauran darussan su ne koyar da rubutun insha'i, adabin yara da matasa, tsara manhaja, da dabarun bincike. Na ƙarshen nan shi ɗalibai suka fi ƙi, shi ne kuma ke hana a sayar miki da kowace sabuwar dabara da sunan "bincike ya tabbatar".

Kafin ki cike fom, tambayi sashen abu ɗaya: shin akwai aikin gwaji inda za ki zauna da yaro mai matsalar karatu na tsawon makonni, ki auna shi, ki tsara masa darasi, wani gwani yana duba aikinki? Kwas ɗin da babu wannan lacca ce kawai. Idan kuma burinki ki koyar da waƙa da wasan kwaikwayo a jami'a ne, to sashen adabi ya fi dacewa da ke, kada sunan Turanci da ke jikin wannan kwas ya ja ki.