Amsa ga 'yar'uwar da ke son kai Hajiya da yara Orvieto

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da asuba na ga tambayarki, cewa surukarki ta zo daga gida, kina son ki fitar da ita da yara su sha iska ran Asabar a Orvieto, garin nan na kan dutse a Italiya, kuma kina tambaya ko hayar mota za ku yi ko jirgin ƙasa, da abin da ya kamata ku kalla. Na ajiye waya na ɗora ruwan shayi, na dawo na sake karantawa, don wallahi kamar labarina kike bayarwa. Irin wannan niyya na yi bara waccan da tawa Hajiyar, kuma har yau in aka ambaci garin sai gabana ya faɗi.

Ki bi jirgin ƙasa. Na faɗa tun da wuri kada ya ɓace a cikin surutuna. Daga tashar Termini ko Tiburtina a Rum awa ɗaya da 'yan mintuna ne, kuna fitowa tasha za ki ga funicolare, ɗan jirgin da ake ja da igiyar ƙarfe zuwa kan dutse, a tsallaken titi, minti biyu ko uku ta haura da ku kan dutsen ta sauke ku a Piazza Cahen. Yara za su so ta fiye da komai. Mu da muka zo da mota ba mu hau ta ba sai don nishaɗin yara, kuma ita kaɗai ce abin da ya tafi daidai a ranar.

Mota ce ta ja mana. Akwai wani abokin Baban yara, ba zan kama suna ba, wasunku a nan sun san shi, mutumin da babu garin da bai sani ba a Italiya in dai da baki ne. Shi ya ce jirgi wahala ne ga tsohuwa, a ɗauki hayar mota, shi zai tuƙa, ya san garin kamar yunwar cikinsa. Amma da sunan maigidana aka ɗauki motar, da katinsa, shi kuwa aka ƙara shi a matsayin direba na biyu. Da muka hau kan dutsen na ga allon nan mai jan da'ira da ZTL a jikinsa, alamar unguwar da aka hana motar baƙi shiga, na ce masa Malam, nan fa ba a shiga. Bai ko juyo ba, ya ce wa Baban yara ai ranar hutu ba ta aiki. A gaban surukata ba zan ja da namiji ba, na yi shiru. Ya shiga, ya rasa wurin ajiye mota, ya fita, ya zagayo ya sake shiga. Sau biyu kamara ta ɗauke mu. Bayan wata huɗu sai ga multa, wato takardar tara, har biyu, kowacce kusan Yuro 100 da kuɗin aike, ga kamfanin haya ya riga ya cire nasa daga kati, wai ladan ba da sunanmu ga hukuma. Baban yara ya kira shi, ya ce shi bai tuna ya shiga ba. Bai tuna ba! Ni da nake zaune a bayansa ina kallon ƙeyarsa. Ko sisi bai bayar ba, kuma ranar sallah ya zo gidana ya ci tuwo har da ƙari. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba. In tsautsayi ya sa multa ta zo miki, ki biya cikin kwana 5, ana rage kashi 30 cikin 100, mu ma wannan ya wuce mu saboda jiran mutumin ya amsa laifinsa. In kuma dole sai mota, ku ajiye ta a ƙasa, a Campo della Fiera, akwai lif da matakala mai tafiya da kanta har cikin gari.

Sai rijiya. 'Yar'uwa ki karanta wannan da kyau. Pozzo di San Patrizio tana nan daf da inda funicolare ke saukewa, shi ya sa kowa da ita yake farawa. Abin kallo ce, ba zan zalunce ta ba. Fafaroma Clement na 7 ne ya sa aka haƙa ta bayan ya gudo daga Rum a 1527, yana tsoron a yi wa garin ƙawanya a rasa ruwa, aka yi shekara goma ana aikinta. Zurfinta mita 53, kuma matakala biyu ne suka naɗe a jikinta ba sa haɗuwa, ɗaya ta sauka ɗaya ta hawa, don jakai masu ɗibar ruwa su sauka ta nan su fito ta can ba tare da sun yi karo ba. Da na fassara wa Hajiya wannan sai ta yi dariya ta ce Turawa ma ashe sun yi ga-ruwa da jaki, lallai sai ta gani da idonta. Mutumin namu ya ce ai 'yar sauka ce kawai. Ba wanda ya gaya mana matakala 248 ne, kuma abin da ka sauka shi za ka hau.

Saukar lafiya lau. Ga sanyi, ga tagogi a jikin bango kana hango mutane a ɗaya gefen kamar a mafarki, yara suna ta ihu suna jin amsa-kuwwa. A ƙasa akwai 'yar gada a kan ruwan, cike da kwabban da mutane ke jefawa. Da muka fara hawa, ba mu yi hamsin ba Hajiya ta dafa bango ta tsaya. Ta ce ba komai. Muka ƙara kaɗan ta zauna a kan matakala, a wannan danshin, da atamfarta sabuwa da na ɗinka mata. Gwiwar hagu ta riƙe. Babu lif, babu kujera, ba hanyar komawa baya, mutane suna ta raɓa mu suna cewa permesso, permesso. Na ga tana salati a hankali tana ɓoye min fuska don kada in ga hawaye, matar da ban taɓa zama kusa da ita ba sai da kunya. Na durƙusa na cire mata takalmi ina murza ƙafar. Baban yara ya ce zai goya ta, ta ce har abada. Haka muka dinga hawa goma-goma, shi a dama ni a hagu, ƙaramar yarinyata tana ƙirgawa da Italiyanci. Fiye da awa ɗaya muka yi a cikin ramin nan. Wani dattijo Ba'italiye da matarsa suka tsaya suka ba ta ruwa da alewa, Allah ya saka musu. Shi kuwa gwanin gari tun tuni ya fice, muka same shi a inuwa yana shan gelato, yana cewa ai mun daɗe. Daren nan ban yi barci ba, ina ta tunanin me zan ce wa 'yan'uwan mijina a gida in wani abu ya same ta a hannuna.

To ke ki bar Hajiya a sama. Gefen rijiyar akwai lambu a cikin tsohuwar ganuwar Albornoz, da kujeru da inuwa, ana hango kwarin gaba ɗaya, gonakin zaitun da inabi da jirgi yana wucewa ƙanƙane. A nan muka shimfiɗa ɗankwali muka haɗa azahar da la'asar, ba wanda ya ko kalle mu. Ki zo da gorar ruwa ta alwala, kin san halin banɗakinsu na waje.

Duomo kuwa, babban cocin garin, ki kai ta, akwai ƙaramar bas daga Piazza Cahen har ƙofarsa, kada ki ce za ku taka Corso Cavour, doguwa ce kuma duwatsun ƙasan suna cin ƙafa. Ba sai kun shiga ba in ba ta so. Fuskar ginin kaɗai ta isa, tun 1290 aka fara shi, in rana ta karkata zinaren jikinsa har kashe ido yake, gefensa kuma layi-layi fari da baƙi kamar saƙi. Tawa Hajiyar duk da ciwon sai da ta ce a ɗauke ta hoto. A dandalin ake sayen tikitin shiga kogunan ƙarƙashin gari, inda za ki ga ramukan da suka sassaƙa a bango suna kiwon tattabaru. Ɗana har yau yana maganarsu, amma can ma akwai matsattsun matakala, na yara ne da babansu.

Af, abinci, kada in manta. Umbria ƙasar alade ce, ko'ina porchetta, gasasshen alade, da cinghiale, aladen daji. Akwai wani ɗan burodi a naɗe kamar dodon koɗi, lumachella suke ce masa, yana da ban sha'awa, yarona ya nuna na kusa saya, ashe da gutsattsarin naman alade ake kwaɓa shi. Ki tambaya ko da strutto, wato kitsen alade, a duk abin fulawa. Taliyarsu umbrichelli da tumatir zalla ba laifi, ki dai ce senza carne, senza vino, wato ban da nama, ban da giya. Ni yanzu dambun nama da soyayyar kaza nake ƙullawa daga gida, Hajiya ma ba za ta ci taliyar da ba ta nuna ba. Ranar Asabar da safe akwai kasuwa a Piazza del Popolo, ki sayi 'ya'yan itace a can kafin azahar, don daga ƙarfe ɗaya shaguna da yawa rufewa suke.

Na ga wata a cikin masu ba ki amsa ta ce ki haɗa da Civita di Bagnoregio tunda kusa ne. Don Allah a'a, ba da tsohuwa ba. Na je daga baya ni da Baban yara, wuri ne mai kyau, garin yana tsaye a kan dutsen da ke zaizayewa, amma sai kin sauka matakala, sannan ki taka gada mai kusan mita 300 wadda ƙarshenta hawa ne tsaye, babu inuwa ko ta tsinke, kuma sai kin biya kuɗin shiga. Wannan “kusa ne” ita ce kalmar da ta kai mu ƙasan rijiya. In kuna da ƙarin rana ku je tafkin Bolsena, shimfiɗaɗɗen wuri ne, yara su yi wasa a baƙin yashi ita ta zauna ta miƙe ƙafa. Akwai kuma hanyar ƙafa da ta zagaye gindin dutsen Orvieto, Anello della Rupe, wajen kilomita 5, in mijinki mai son tafiya ne ya ɗebi manyan yaran da safe, da takalmi mai igiya, ba silifa ba.

Mu a Agusta muka je, cikin zafin Ferragosto, hutunsu na tsakiyar watan, wannan ma shawarar mutumin ce. Ke kin yi sa'a yanzu da sauƙi, amma ki riƙe mata rigar sanyi, kan dutse iska gare shi. In tikitin takarda kika yanka ki buga shi a na'ura kafin ku hau, kuma ki duba lokacin da funicolare ke tashi aiki da dare. Ki tambayi Hajiya kai tsaye ko gwiwa na damunta, ko ki sa ɗanta ya tambaya, don ba za ta faɗa miki ba. Tawa sai da muka koma gida na ga maganin shafawa a jakarta, ashe tun daga Kano take fama ta ɓoye. Yanzu duk wanda ya je gaishe ta sai ta ba shi labarin rijiyar jakai, kuma in mun yi waya takan tambaye ni ko direban nan namu ya biya kuɗin.