Mai Teɓa a Kan Keke: Abin da Ke Cinye Masa Gudu a Shimfiɗaɗɗiyar Hanya

Ka tambaye ni, yaro, ko kitsen jiki yana rage wa mai keke gudu a hanyar da babu tudu babu gangare, kuma ko ya kamata mu riƙa ba masu jiki shawarar sayen kayan keke marasa nauyi. Yana ragewa, amma ba ta inda kake zato ba. Kai idonka na kan nauyi, alhali iska ce babbar abokiyar gabarsa.

A shimfiɗe ba ɗaga nauyin ake yi ba, mirgina shi ake yi. Abin da yake jawowa shi ne taya ta ƙara lotsewa a kan kwalta, jan ta ya ɗan ƙaru. Yi lissafi da kanka. Mutum mai ƙarin kilo 10, a kan taya mai kyau da kwalta mai santsi, yana gudun kilomita 30 a awa, ƙarin ƙarfin da nauyin zai ci masa bai wuce wat (ma'aunin ƙarfi) 4 ko 5 ba, cikin wajen wat 150 zuwa 200 da yake zubawa a feda. Da ƙyar zai ji shi. Kai shi tudu mai tashin mita 7 a kowace mita 100, ko da gudun kilomita 12 a awa ne, waɗannan kilo 10 za su ci masa fiye da wat 20. Shi ya sa za ka ga ƙato yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da siriri har sai hanya ta fara hawa, sannan a neme shi a rasa.

To, iskar fa? Da zarar gudu ya kai kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfin mai keke, wajen kashi 80 cikin 100, a ture iska yake tafiya. Kuma ba ta da sassauci: in ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin da za ka kashe a kanta zai ninka sau takwas. Mafi yawan abin da take bugawa kuma jikin mutum ne, keken kaɗan ne rabonsa. Faɗin ƙirji da cinyoyi da ƙugu duk sun zama bango a gabanta. Amma ko faɗin ma ba shi ne ya fi damuna ba. Teɓar ce. Mai tumbi ba ya iya sunkuyawa. Da ya duƙa, cinyoyinsa su riƙa dukan cikinsa a kowane juyin feda, numfashi ya ƙuntata, sai ya miƙe ya zauna sak, ya tare iska da ƙirjinsa kamar ƙofa a buɗe. Asarar da wannan zaman yake jawowa ta ninka ta nauyin sau da dama.

Kada ka ɗauka girma kansa aibi ne. Filippo Ganna, ɗan Italiya, ya haura kilo 80, kuma shi ne a 2022 ya yi kilomita 56.792 cikin awa ɗaya a filin tseren keke na Grenchen da ke Suwizalan. Nauyinsa tsoka ce mai tura feda, kuma yana iya ninke jikinsa ya kwanta a kan keke. Kitse kuwa fasinja ne, a ɗauke shi ake yi.

Akwai zafi ma. Cikin ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kwata ne kawai ko ƙasa da haka yake isa feda, sauran zafi yake zama, kitse kuma yana tare shi a ciki. A doguwar tafiya cikin rana mai jiki ya fi saurin galabaita. Haka a hanyar da ake yawan taka birki a sake tashi, kowane tashi sai ya biya kuɗin nauyinsa.

Saboda haka in irin wannan mutum ya kawo maka keke, kada ka cinye masa kuɗi a kan sirdi ko feda da za su rage giram 200. Duba taya tukuna. Tayarsa tana buƙatar iska fiye da ta siriri, amma kada ka wuce adadin da aka rubuta a gefen tayar. In jikin keken zai ɗauka, sa masa mai faɗin milimita 28 ko 32. Ƙafar baya ita ke ɗaukar fiye da rabin nauyi, don haka a samo mai wayoyi 32 ko 36, ka ɗaure su daidai, ka sake dubawa bayan ya ɗan hau.

Kan keken kuma, wato inda ake riƙewa da hannu, kada ka saukar masa da shi lokaci guda don ka ji na ce sunkuyo yana da amfani. In ka matse shi, ba zai iya numfashi ba, bayansa ya ƙage, ya jingine keken. Ɗaga masa shi inda zai iya lanƙwasa gwiwar hannu yana shaƙar iska sosai, ka ce ya matso da hannuwansa jiki, ya bar sa riga mai kaɗawa. In cikin ya fara sauka, sai ka riƙa rage tsayin kan da milimita 5 ko 10 a kowane zuwa.